Kama da Wane Ba Ta Wane: Martani ga Mai Cewa Furotin Duk Ɗaya Ne

Wata makala ta fito kwanakin baya a shafin kimiyya na wata mujalla, inda marubucinta ya yi kira da a sauƙaƙa wa ɗalibai darasin furotin. Niyyar mai kyau ce, kuma duk wanda ya san yadda ake sa yaran sakandare haddar sunaye ashirin da ba a faɗa musu amfaninsu ba zai tausaya masa. Sai dai ginin nasa da tubalin toka ya yi shi. Hujjarsa ita ce wai furotin abu guda ne. Na ƙwai ne, na wake ne, na nama ne ko na fata, duk kabon ne da haidirojin da oksijin da naitirojin, kuma duk ciki zai narkar da su su koma ƙananan guntayen nan da ake kira amino asid kafin su shiga jini. Tunda haka ne, in ji shi, rarraba furotin gida-gida da masana ke yi ado ne na littafi, kuma abin da ya kamata uwa da manomi da mai kiwon kaji su duba shi ne lambar da aka buga a jikin gwangwani ko buhu, wato kashi nawa cikin ɗari. Ni kuwa a ganina lambar nan ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a iya sani game da furotin. Abin da ke sa furotin ya gina jikin yaro, ko ya ratsa cikinsa a banza, ko ya hallaka shi, shi ne irin guntayen da ke cikinsa, da jerin da suka bi, da siffar da sarƙar ta ɗauka bayan ta naɗe.

A fara da lambar da malamin ya jingina da ita. Mafi yawan ɗakunan gwajin abinci ba sa auna furotin kai tsaye, naitirojin suke aunawa, ta hanyar da wani masani ɗan ƙasar Danmak, Johan Kjeldahl, ya fito da ita a 1883 yana aiki a ɗakin bincike na Carlsberg. Ana dafa ɗan abincin cikin asid irin na ruwan batir amma mai tsananin ƙarfi, har naitirojin ɗin ya koma amoniya, a auna shi, a ninka da 6.25, saboda an ɗauka cewa kowane giram 100 na furotin yana da giram 16 na naitirojin. Ko wannan ɗaukar ma kirdado ce. Tun a 1931 wani masani a ma'aikatar gona ta Amurka, D. B. Jones, ya nuna cewa madara da 6.38 ya kamata a ninka ta, garin alkama da 5.70, gyaɗa da 5.46, domin furotin ɗinsu ba su haɗu a yawan naitirojin ba. Babban lahanin hanyar kuwa shi ne ba ta tambayar inda naitirojin ya fito. A 2008 wasu 'yan kasuwa a ƙasar Sin suka riƙa tsinka madara da ruwa suna zuba mata melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Gwaji ya ce madarar cike take da furotin. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da tsakuwar fitsari, shida suka mutu. Lambar da ke jikin gwangwanin ba ta yi ƙarya a kan abin da aka auna ba. Waɗanda suka amince da ita ne suka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Malamin zai ce wannan algus ne, kuma shi maganar furotin na gaskiya yake yi. To, a kan furotin na gaskiyar ma ra'ayinsa ba sabo ba ne, an taɓa gwada shi ya faɗi. A 1838 Gerardus Mulder, masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, ya ƙona farin ƙwai da ruwan jini da daskararren jini da cukwi, ya lissafa sinadaran da suka fito, ya ga kusan daidai suke. Sai ya yanke hukunci cewa akwai gundarin abu guda a cikinsu duka, bambancinsu kawai ɗan farar wuta ne da fosforas da suka manne masa. Manyan masana na lokacin, har da Justus Liebig na Jamus, suka karɓa hannu biyu. Ba a yi shekara goma ba ra'ayin ya ruguje, domin an kasa fitar da wannan gundarin. A Faransa kuwa an riga an kai maganar tukunya. Ana tafasa ƙasusuwa a fitar da jelatin a yi wa talakawa da majinyata romo a asibitocin Faris, bisa tunanin cewa tunda akwai naitirojin a ciki, nama ne mai araha. Makarantar Kimiyya ta Faransa ta kafa kwamiti ƙarƙashin François Magendie, kuma rahotonsa na 1841 ya nuna karnukan da aka tsare a kan jelatin ba sa rayuwa a kansa. Sai da aka shekara sittin kafin a gano babban dalilin: a 1901 Frederick Hopkins da Sydney Cole suka gano amino asid ɗin nan tiriftofan a Kambirij, aka kuma tarar jelatin ba shi da shi ko ƙwaya. Wannan tarihin ya shafi miyarmu kai tsaye, domin ganda kolajin ce, wato uwar jelatin. Kusan sulusin guntayenta gilaisin ne, wanda jiki ke iya haɗa wa kansa, tiriftofan kuwa babu. Ganda tana da daɗi, kuma ba wanda ya ce a daina cin ta, amma wanda ya ce giram goma na furotin ɗinta daidai yake da giram goma na ƙwai ya koma 1838.

Kuskuren Mulder kuskure ne na kayan aiki. Ƙonawa na faɗa maka abin da aka yi abu da shi, ba ta faɗa maka yadda aka jera shi. Amino asid ashirin ɗin da jiki ke gina furotin da su duk ƙashin bayansu ɗaya ne, sai a reshe suke rabuwa. Reshen gilaisin ƙwayar haidirojin ce tak. Na balin da liyusin mai-mai ne, gudun ruwa suke. Na gulutamik asid yana ɗauke da caji nagatif, na laisin fozitif, dukansu kuma masu son ruwa ne. Na sistin yana da farar wuta, wadda ke iya ƙulla gada da wani sistin ɗin da ke nesa a sarƙar. Emil Fischer da Franz Hofmeister, kowa a nasa ɓangaren, sun bayyana a 1902 yadda guntayen ke haɗuwa baki da wutsiya su zama sarƙa, amma har cikin shekarun 1940 akwai masanan da ke zaton jerin ba shi da tsayayyen tsari. Frederick Sanger ne ya rufe wannan ƙofar a 1955 da ya kammala karanta insulin, maganin masu ciwon suga: guntaye 51 a sarƙa biyu, ɗaya mai 21 ɗaya mai 30, kowane guntu a mazauninsa. Da sarƙa ta shiga ruwa, masu gudun ruwa sai su dunƙule a tsakiya, masu caji su fito waje, gadojin farar wuta su ɗaure, a sami siffa guda takamaimiya. Christian Anfinsen ya ɗauki wani inzayim, shi ma furotin ne, mai guntaye 124 da gadoji huɗu, ya warware shi da yuriya da wani sinadari mai tsinka gadojin, inzayim ɗin ya daina aiki kwata-kwata. Nauyinsa bai ragu ba, naitirojin ɗinsa yana nan cif. Da aka janye sinadaran sai ya naɗe kansa ya dawo bakin aiki, abin da ya kawo wa Anfinsen kyautar Nobel a 1972. A wurin ɗan gwangwan makulli da ƙusa da allura duk ƙarfe ne, da kilo yake saye. Mai gida da aka kulle a waje ya san haƙoran makullin ake nema. Ma'aunin malamin ma'aunin ɗan gwangwan ne.

Da a ce wannan bayanin ya tsaya a ɗakin gwaji da sai a yi wa malamin uzuri. Amma babu al'ummar da ta fi tamu sanin kuɗin da guntu ɗaya ke ci. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jan jini, sarƙoƙi huɗu ne: biyu masu guntaye 141, biyu masu 146, jimilla 574. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin mai amosanin jini, wato sikila, yana tafiya daban da na mai lafiya idan aka sa su a filin lantarki. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano wurin a Kambirij: mazauni na shida a doguwar sarƙar, inda balin ya maye gurbin gulutamik asid. Guntu biyu ke nan cikin 574, ɗaya a kowace doguwar sarƙa. Gwajin Kjeldahl ba zai taɓa ganin wannan bambancin ba, amma jikin yaro yana ganinsa. Gulutamik asid mai son ruwa ne, zama a bayan furotin bai dame shi ba. Balin kuwa mai gudun ruwa ne da aka ajiye a fili, yana neman inda zai ɓuya. Da himogulobin ya sauke oksijin sai wani ɗan rami mai maiƙo ya buɗe a jikinsa, balin na maƙwabci ya faɗa ciki, na gaba ma ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jinin ta zama lauje. Daga nan ne toshewar ƙananan jijiyoyi, da ciwon ƙashi da ke hana barci, da ƙwayar jinin da ke mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar halittar, kuma ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara.

Abin da ya fi ƙarfafa hujjar shi ne a mazauni na shidan nan akwai wani canjin dabam. A arewacin Gana da Burkina Faso an fi samun himogulobin C, inda laisin ne ya shiga wurin. Wuri ɗaya, sarƙa ɗaya, amma da yake laisin mai son ruwa ne, ba ya faɗawa ramin maƙwabci, don haka mai CC ba ya shan azabar da mai SS ke sha. Takardar gwajin jinin da ake nema kafin ɗaurin aure ma daga nan ta samo asali: A na mai lafiya ya fi caji nagatif sai ya fi gudu a filin lantarki, S na sikila ya rasa wani kaso sai ya biyo baya, C da ya ƙara da fozitif ya zo ƙarshe. Jaririn da aka haifa da sikila kuwa yakan yi watannin farko lafiya lau, saboda himogulobin ɗin da ya fito da shi daga ciki yana da wata sarƙar dabam da ba ta shiga zaren, kuma maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke bayarwa yana aiki ne ta hanyar ƙara yawan wannan na jarirai. Ɗalibin da aka koya wa cewa raba amino asid zuwa masu son ruwa da masu gudunsa ado ne na littafi, an raba shi da fahimtar cutar da ƙila ƙanwarsa ke fama da ita.

Na san amsar da malamin zai bayar, kuma ita ce mafi ƙarfin abin da ke hannunsa. Zai ce duk wannan furotin ne da ke aiki cikin jiki, shi kuwa na cikin kwano yake nufi, kuma na cikin kwano ciki na tarwatsa shi, siffa da jeri duk su tafi. Akwai gaskiya a nan. Shi ya sa ake yi wa mai ciwon suga allurar insulin maimakon ba shi ya haɗiye. Amma ko an yarda an tarwatsa sarƙar gaba ɗaya, guntayen da suka zube ba iri ɗaya ba ne. Tara daga cikin ashirin ɗin jiki ba ya iya haɗa su, dole abinci ya kawo su, kuma na ƙarshen da aka gano, tiriyonin, sai a 1935 William Rose ya fitar da shi a Amurka. Jiki ba shi da rumbun ajiye amino asid. In yana gina sarƙa ya zo mazaunin laisin bai sami laisin ba, ba ya cusa wani a madadinsa. Aikin tsayawa yake, ragowar guntayen a ƙone su a fitar da naitirojin ɗinsu a fitsari. Thomas Osborne da Lafayette Mendel sun nuna haka a 1914 a Amurka da zeyin, babban furotin ɗin masara. Ɓerayen da aka ba zeyin kaɗai suka riƙa ramewa. Aka ƙara musu tiriftofan, ramar ta tsaya amma ba su girma ba. Aka ƙara laisin, sai girma ya kankama. Adadin furotin ɗin da ke cikin abincin kusan bai motsa ba a duk matakan uku.

Abin mamaki kuma, rarrabawar da malamin ya fi yi wa dariya ita ce ke hango wannan tun daga nesa. Osborne ɗin nan ne ya raba furotin na tsirrai gwargwadon abin da ke narkar da su: albumin a ruwa zalla, gulobulin a ruwan gishiri, furolamin a barasa mai ruwa, gulutelin a ruwa mai ɗan tsami ko ɗan kanwa. Malamin ya tambaya, ina ruwan mai cin tuwo da abin da ke narkewa a barasa? Ruwansa shi ne furolamin talaka ne wajen laisin, kuma shi ne kaso mafi tsoka a furotin ɗin masara da dawa. Shi ya sa giram ɗaya na furotin ɗin dawa ke da laisin kusan miligiram 20, na masara ƙasa da 30, alhali ma'aunin da hukumomin lafiya da abinci na duniya suka tsayar a 2007 yana neman 45 ga baligi, ga ƙaramin yaro kuma sama da 50. Wake kuwa gulobulin ya fi yawa a cikinsa, laisin ɗinsa ya haura 60, sai dai yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi daidai gwargwado. Shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, kowanne yana toshe ƙofar da ɗan'uwansa ya bari a buɗe. Masu binciken iri ma da wannan rarrabawar suka yi aiki. A 1964 Edwin Mertz da abokansa a Jami'ar Purdue suka gano wata masara mai ƙarancin zeyin, wadda laisin da tiriftofan ɗinta suka kusa ninka na sauran. An sha wahala kafin a gyara laushin ƙwayarta, har Evangelina Villegas da Surinder Vasal suka sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2000 a kan aikin. Gana ta fitar da irin da ake kira Obatanpa a 1992, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya kuma ta fitar da shi da sunan SAMMAZ 14. A ma'aunin malamin wannan masarar da ta gama-gari ba su da bambanci, domin jimillar furotin ɗinsu kusan ɗaya ce. Mai kiwon kaji da ke sayen garin laisin da metiyonin da kilo yana zubawa a abincin da ya haɗa da ƙuliƙuli ya riga ya wuce wannan gardamar, ko da bai taɓa jin sunan Osborne ba.

Sannan zancen cewa ciki na tarwatsa komai shi ma yana da iyaka, kuma siffa ce ke shata iyakar. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na gashin kaza furotin ne, ya fi naman kazar nesa ba kusa ba, amma keratin ne, zaruruwa da gadojin farar wuta suka ɗaure tamau, inzayim ɗin ciki ba ya samun inda zai sa baki. Sai an dafa shi da tururi mai matsi kafin ya shiga abincin dabbobi. Ɗanyen ƙwai da wasu samari masu ɗaga ƙarfe ke kwankwaɗa, wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna kusan rabin furotin ɗinsa kaɗai ke shiga jiki, na dafaffe kuwa kusan kashi 90, domin zafi ya warware dunƙulen. Ɗanyen waken soya yana ɗauke da wani furotin da aikinsa shi ne ya kama inzayim ɗin hanji ya ɗaure shi. Tun 1917 Osborne da Mendel suka lura ɓeraye ba sa girma a kansa sai an dafa. Dawa ita ce ta juya wa ƙa'idar baya, kuma ita ce ta fi shafar mu. Dafa ta da ruwa yana rage narkewar furotin ɗinta, saboda furolamin ɗinta na ƙulla sababbin gadojin farar wuta a cikin tukunya. Wani bincike da aka yi a kan ƙananan yara a ƙasar Peru, wanda aka buga a 1981, ya sami kashi 46 cikin ɗari ga dawa, alkama kuwa 81. Tsima ƙullu ya yi tsami kafin a dafa, kamar yadda ake yi wa kamu a nan da kisra a Sudan, yana gyara wannan lahanin sosai. Saboda irin waɗannan dalilai ne hukumomin duniya suka daina gamsuwa da jimilla, suka koma auna inganci da amino asid mafi ƙaranci tare da yadda yake narkewa, suka kuma sake tsaurara ma'aunin a 2013. A wannan ma'aunin jelatin sifili yake ci.

Akwai kuma furotin da ke ratsa ciki da siffarsu su yi ɓarna. Dafin da ke cikin ƙwayar zurman furotin ne. Cutar haukar shanu da ta ɓulla a Birtaniya a 1986 ba ƙwayar cuta mai rai ce ta kawo ta ba, furotin ne da jerinsa daidai yake da na lafiya amma ya naɗe a karkace, yana kuma tilasta wa na lafiya su bi siffarsa. Ta yaɗu ne ta garin nama da ƙashi da aka riƙa zuba wa shanu don a ɗaga lambar furotin a abincinsu, ta tsallaka zuwa mutane, sama da 170 suka mutu a can.

Hujja biyu suka rage wa malamin, kuma ya kamata a ba kowace haƙƙinta. Ta farko saniya ce, wadda ake haɗa wa yuriya a dusa ta yi ƙiba, abin da ke nuna kamar naitirojin kaɗai ya isa. Amma ba saniyar ke amfani da yuriyar ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke gina amino asid da ita, ita kuma ta narkar da su a gaba. Kaza da ɗan Adam ba su da wannan tumbin. Ta biyu ta fi nauyi. A 1974 Donald McLaren ya rubuta a mujallar Lancet cewa duniya ta ɓata shekaru tana kukan ƙarancin furotin alhali abin da ke damun yara matalauta shi ne ƙarancin abincin gaba ɗaya. Ya yi gaskiya a babban ɓangare, kuma baligin da ke ƙoshi da abinci iri-iri ba ya buƙatar lissafin laisin. Sai dai a lura da sharaɗin: iri-iri. Gaurayawar ce ke ɓoye bambancin, ba rashin bambancin ba. Wanda lissafin ke kamawa shi ne wanda ba shi da zaɓi, wato yaron da aka yaye aka ɗora a kan kunun dawa tsararo safe da yamma, cikinsa ƙarami, buƙatarsa ta laisin a kowane giram ta fi ta babansa. Ga wannan yaron cokalin garin soya gasasshe ko ɗan nono a cikin kunun ya fi ƙarin kunun amfani, kuma ba za a iya bayyana dalilin ba sai da ilimin da malamin ke son a cire daga manhaja.

Inda na yarda da shi shi ne yadda ake koyarwa. Tsohon rabon nan na furotin zalla da mai haɗi da wanda aka samo daga wani, wanda ƙungiyoyin masana suka tsara a farkon ƙarni na ashirin tun ba a san jerin ko furotin guda ba, ana ba yara shi su haddace kamar karatun aku, kuma a yau masana sun fi raba furotin da siffa da aiki da dangantakar jeri. Amma maganin haddar banza shi ne a kawo dalili cikin aji, kayan gwajin kuma suna nan a bakin titi. Mai awara tana tafasa madarar soya ta zuba ruwan tsami, nan take ta tsinke ta dunƙule. Abin da ya faru shi ne gulobulin ɗin soya suna ɗauke da caji nagatif da ke sa su ture juna su zauna a ruwa. Tsami na kashe cajin, kuma a wajen 4.5 na ma'aunin pH turewar na ƙarewa su rungumi juna. Kindirmo ma haka ne, ƙananan halittu na mai da sukarin madara tsami har kasin, babban furotin ɗin madara, ya kai 4.6 ya daskare. Amma Fulanin da ke yin cuku da ruwan tumfafiya a Kwara da Jamhuriyar Binin da arewacin Gana wata hanyar suka bi. A ruwan tumfafiya akwai inzayim, shi ma furotin ne, wanda ke datse wani yanki na kasin da ke hana ƙwayoyin haɗuwa, sai madarar ta kama ba tare da ta yi tsami ba. Shi ya sa cukun ke fitowa da garɗin madara kuma ya jure suya, kindirmo kuwa daga madarar saniya guda ya fito da tsami, a dama shi da fura.